Neman taimako: me zan rubuta a allon ɗakin yara da matasa?

Nas Mai Aiki: Assalamu alaikum. Masana Hausa, ku agaza min kafin jibi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa. Za mu fara zama duk Laraba domin yara da matasa da iyayensu: yaron da barci ya ƙaurace masa tun da aka kai hari ƙauyensu, yarinyar da ta daina cin abinci ta daina zuwa makaranta, saurayin da ya fara shan kodin, da uwar da ta rasa yadda za ta yi da su. Takardar aikin da Turanci ta zo, sunan abin a ciki mental health. An ɗora min rubuta allon ƙofa da sanarwar rediyo ta minti ɗaya, mai rubuta allo kuma jibi zai zo. "Taɓin hankali" ba zai yiwu ba. Babu uwar da za ta riƙo hannun 'yarta budurwa ta shiga ƙofar da aka rubuta haka a idon 'yan unguwa, tana tunanin ranar da za a zo neman aurenta.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Lafiyar ƙwaƙwalwa mana, ai shi kowa ke ji a rediyo.

Mai Labarai: Shi muke amfani da shi a ɗakin labarai. Da shi aka ba da labarin dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Da shi ake shirye-shiryen 10 ga Oktoba duk shekara, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Kunne ya saba, kada ki wahalar da kanki.

Likitan Yara: Ki shirya dai, in kika rubuta ƙwaƙwalwa, masu farfaɗiya da masu ciwon kai za su fara cika miki benci. Ba laifi ba ne, don tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 domin ƙananan asibitoci ya haɗa har da farfaɗiya. Amma yarinyar da ke kuka a ɗaki ita kaɗai, uwarta ba za ta ce ƙwaƙwalwarta ce ba lafiya ba. Cewa za ta yi tana da damuwa, ko an yi mata sammu, ko iska ce ta shafe ta. Hukumar ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da irin wannan larura, kuma kusan rabin cututtukan kafin shekara 14 suke farawa. Mafi yawansu ba su yi kama da abin da mutane ke kira hauka ba ko kaɗan.

Tsohon Malami: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya. Ƙwaƙwalwa tsoka ce a cikin ƙoƙon kai, ta rago ma ana sayarwa a mahauta. Bahaushe bai taɓa ajiye baƙin ciki a ƙwaƙwalwa ba. A zuciya yake ajiye shi, ko a rai: ransa ya ɓaci, zuciyarta ta karaya, hankalinsa ya tashi. Kalmar da kike nema tana nan, ita ce hayyaci. Muna cewa ya fita hayyacinsa, muna cewa ya dawo hayyacinsa. Kin ga a cikin kalmar akwai fita, akwai kuma dawowa, wato akwai warkewa. Rubuta LAFIYAR HAYYACI. Na daɗe ina kira a kan wannan, 'yan jarida sun ƙi saurara saboda sun fi son kwaso abin da aka fassara a guje.

Mai Labarai: Allah ya gafarta Malam, ba a guje muke yi ba, ƙarfe shida na jiranmu ne. Kuma ban taɓa jin wani ya ce "hayyaci" tsurarsa ba sai da "nsa" ko "nta".

Tsohon Malami: Don ba a fara ba ne. Kowace kalma wani ne ya fara faɗinta. Ku da ake jin muryarku daga Kano har Sudan, in kuka faɗe ta sau goma za ta zauna. Amma kun gwammace aro.

Basakkwace: Malam, lafiyar da kaɗ ɗora a gaba ai Larabci ce, asibiti da likita kuwa Turanci na. Aro ba aibu ba ne. Abin da ni ka ƙi shi na kowace kalma sai an yanke ta a Kano sannan a aiko muna. Mu nan "lahiyar hankali" muka cewa, kuma kowa na ganewa.

Uwar Biyu: To ai Hausar Kano ce ake koyarwa a makaranta, me ya kawo wannan kuma?

Basakkwace: Shi na matsalar, Hajiya. Rubutun Hausa na ajami ya bunƙasa wurinmu tun zamanin su Nana Asma'u, ba mu zan 'yan kallo ba.

Tsohon Malami: Ba na musun darajar Sakkwato. Amma "lafiyar hankali" ƙanwar "taɓin hankali" ce. Duk wanda ya karanta zai ji ɗayar a kunnensa.

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri in shigo. Ni ina ganin kowace kalma kuka zaɓa za ta iya ɓaci. Dawanau sunan gari ne mai babbar kasuwar hatsi, amma a Kano in aka ce a kai wane Dawanau kun san nufi, asibitin masu taɓin hankali. Haka Kware a Sakkwato, haka Barnawa a Kaduna. Mu a Nijar irin wannan sashen da ke babbar likita (asibiti) ta Yamai harafi kawai aka sa masa, Pavillon E, harafin ma ya zama abin tsokana. Abin da mutane suka gani ana yi a wurin shi ke bin sunan.

Likitan Yara: Wannan gaskiya ce, shi ya sa aikin unguwa yake da muhimmanci. Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya gane haka a asibitin Aro na Abeokuta tun 1954, ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Kuma ku tuna inda iyaye ke kai yara in ba su sami irin ɗakin nan ba. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, da yara a cikinsu, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman gyara. Ni ban damu da wace kalma ta yi nasara ba, in dai uwa za ta shigo nan maimakon can. A Zimbabuwe akwai shirin da tsofaffin mata ke zama a benci a harabar asibiti suna sauraren mutane, sunan ciwon da suke amfani da shi a harshen Shona ma'anarsa yawan tunani. Mu ma muna da shi: tunani ya yi mata yawa.

Tsohon Malami: Likita, ku masu allura kullum kuna raina aikin harshe. In ba a tsayar da kalma ɗaya ba, me malami zai koyar a aji, me za a rubuta a littafi? Hayyaci ta fi duk waɗannan.

Likitan Yara: Ban raina ba, Baba. Littafi zai iya jiran taron masana, allon nan jibi ne.

Nas Mai Aiki: Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Na karanta wa matan da ke jiran awo zaɓin duka ɗazu. Ƙwaƙwalwa sun ce ta masu ciwon kai ce. Hankali ta sa sun sunkuyar da kai. Hayyaci kuwa, Baba ka yi haƙuri, wata ta ce ko masu suma za a riƙa kawowa. Da na ce damuwa da yawan tunani, nan take wata ta fara ba ni labarin ɗanta. Don haka allon zai ce: ƊAKIN SAURAREN YARA DA MATASA, a ƙasa kuma: damuwa, firgita, rashin barci, yawan tunani, shaye-shaye. A rediyo zan ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa sau ɗaya saboda shi ke cikin takardun ofis. Zan kuma rufe sanarwar da cewa da yardar Allah yaro yana dawowa hayyacinsa.

Basakkwace: Kin tsallake tambayar, ba ki amsa ta ba. Amma allon ya yi.

Tsohon Malami: Ban gamsu ba, don wannan jerin alamomi ne, ba suna ba, kuma gobe mai fassara zai sake zuwa nan da tambaya iri ɗaya. Amma ke ce a bakin aiki, Allah ya taimake ki. Ki tsaya a kan mai rubuta allon ya sa wa Ɗ ɗin ƙugiyarta, kada ya rubuta miki daki. Sannan ita mai zama tana saurarensu, me za ku kira ta? Kada in ji an ce kansila, wannan na ƙaramar hukuma ne.

Nas Mai Aiki: Yaran Anti za su ce, Baba, ko me muka rubuta. A takarda dai na sa mai ba da shawara kafin ku samo min wadda ta fi.