Muhawara: in kwafen faifai zuwa SSD ya ƙi, a gyara ko a zuba sabuwar Windows?

Mai Shago: Ni maganata ɗaya ce. In an kwafe tsohon faifai zuwa SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, kwamfuta ta ƙi tashi, kada a ɓata yini ana lalube. A goge SSD ɗin, a zuba sabuwar Windows, a kwaso fayiloli, shi ke nan.

Injiniya: Oga, ban yarda ba. Wanda ke da manhajar lissafin shago ko lasisin da ba zai iya sake samu ba fa? Kuma ƙin iri biyu ne. Akwai kwafen da ke tsayawa a tsakiya, akwai wanda ke kammaluwa sannan ya ƙi tashi. Na biyun sau da yawa ba ya cin rabin sa'a. In ka ga 0xc000000e a shuɗin allo, Windows na nan lafiya, bayanan tayar da ita ne ke nuna tsohon faifai. Ka tayar da kwamfutar da filashin Windows, ka buɗe diskpart, manhajar sarrafa ɓangarorin faifai, ka nemo ƙaramin ɓangaren nan na EFI da ke riƙe da bayanan tayar da Windows, mai tsarin FAT32, wanda yawanci 100MB ne, ka ba shi harafin S. Sai ka fita daga diskpart ka rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, don a sake rubuta bayanan tashin. Amma ka fara tabbatar da harafin da Windows ta samu a wurin, don ba kullum C take zama ba.

Malama: Haka ne, Injiniya, in ɓangaren EFI ɗin na nan. Masu koyo da yawa C kaɗai suke zaɓa a manhajar kwafe faifai ta Macrium Reflect su bar ƙananan ɓangarorin, suna ganin ba su da amfani. Sannan a duba BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfuta: faifai mai tsohon tsarin rabo na MBR sai a yanayin Legacy, mai sabon tsari na GPT sai a UEFI. Kuma don Allah a cire tsohon faifai kafin kunnawar farko. In faifan biyu suka haɗu da lambar shaida ɗaya, Windows za ta rufe ɗaya, kana buɗe shi ta sauya masa lamba, tashi ya lalace.

Mai Shago: To, wanda ya tsaya a tsakiya fa? Ai nan ba makawa.

Autan Zaure: Yaya, ai umarnin binciken faifai na chkdsk /r ake yi wa tsohon faifan, ya gyara wuraren da suka lalace, sannan a sake kwafa.

Injiniya: A'a, ƙanena, nan ne ake asarar bayanai. Kafin komai a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, a duba layukan 05 da C5 masu ƙirga wuraren da suka sami matsala. In C5 ya wuce sifili, akwai wuraren da faifan ya kasa karantawa. Shi chkdsk /r sai ya karance faifan kaf, yana nanata wurin da ya lalace, ga shi yana rubutu a kai. Faifan da ke ƙas-ƙas ba ya jure wannan. Da manhajar ceto bayanai ta ddrescue ake fara ɗaukar kwafi: ya kwashe mai lafiya tukuna, ya ajiye taswirar inda ya tsaya, don ko an ɗauke wuta daga nan zai ci gaba. Gyaran a kan kwafin ake yi.

Malama: Sai dai ddrescue na son wurin da ya kai girman asalin. Faifan 500GB ba zai shiga SSD na 480GB ba, ko da bayanan 90GB ne. Manhajar kwafe ta Clonezilla ma haka, sai an rage ɓangaren C tukuna. Kuma ba kowane tsayawa ne laifin faifai ba. Akwatin USB mai arha da ake saka faifai a ciki na yankewa, wasu ma na nuna girman sekta, wato ƙaramin gurbin ajiya, 4096 maimakon 512. A haɗa faifan da wayar SATA ta cikin kwamfuta kai tsaye a sake gwadawa.

Mai Shago: Kun ga? Duk wannan doguwar hanya, ga kwastoma na tsaye.

Injiniya: A wuri ɗaya na ba ka gaskiya, Oga: in lalacewar ta faɗa kan fayilolin Windows kanta, kwafin zai tashi da ciwon, sabuwa ta fi. Amma in daga SATA aka koma NVMe, wani nau'in SSD mafi sauri, aka ga INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, matsalar direba ce, wato manhajar da Windows ke gane faifan da ita. Shiga Safe Mode, yanayin gyara na Windows, sau ɗaya kan tayar da shi. A duba kuma ko saitin haɗin faifai a BIOS na kan AHCI ko RAID.

Malama: In an kulle faifan da BitLocker, makullin bayanai na Windows, a karɓi mabuɗin nan mai lamba 48 daga mai kwamfutar kafin a taɓa komai, ko kwafe za a yi ko sabuwa.