Surukata ta nace sai an kira jaririna Babatunde, ku ba ni shawara

Mai jego: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Zariya ce, maigidana Bayerabe ne ɗan Ilori. Na sauka ranar Talata, namiji, wata huɗu bayan rasuwar surukina. Tun a asibiti surukata ta rungume yaron tana hawaye tana cewa "Babatunde". Maigida ya ce Abdurrahman za a raɗa masa, amma a gida Babatunde za a riƙa kiransa. Ƙanwata kuwa ta ce ma'anarsa mamacin ne ya dawo. Wallahi gabana ya faɗi. In yarda ko in ƙi?

Wata uwa daga Sabo, Ibadan: Barka da arziki 'yata. Ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba. A Yarabanci "Baba" uba, "tun" sakewa, "de" ya iso: baba ya sake dawowa. Namijin da aka haifa bayan rasuwar kakansa ake saka wa, in mace ce bayan kaka sai a ce Yetunde ko Iyabo. Mutanen zamanin da sun yi imani cewa tsohon ne ya komo cikin zuriyarsa. Yau dai yawancinsu tunawa kawai suke yi. Shekarata 30 cikinsu, limamai nawa na gani da Tunde a gidajensu.

Wani malamin makaranta: Ai Janar Tunde Idiagbon, mataimakin Buhari daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, Babatunde Abdulbaki ne cikakken sunansa, kuma ɗan garin mijinki ne. Ga Babatunde Raji Fashola, gwamnan Legas daga 2007 zuwa 2015, shi ma Musulmi. Sai dai ki zauna da maigidan, ki ji me yake nufi da sunan. In akwai wancan imanin a ciki, ku tuntuɓi malami kafin ranar suna.

Wata yaya daga Kano: Ƙanwata, mu fa? Yaron da aka mai da wa sunan kakansa ba Abba ko Baba muke ce masa ba? Tsohuwa ta rasa mijinta, jikan nan ne ya share mata hawaye, kar ki yi jayayya da ita kina cikin jego. In ɗan fari ne ma, ke da za ki yi alkunya, ina ruwanki da kiran sunan?

Mai jego: Ɗan fari ne kuwa Yaya, kin sa ni dariya har ɗinkin ya motsa. Na tambayi maigida, ya ce shi dai kewar babansa yake yi. Ni Abba zan riƙa ce masa.