Ƙwayar mashaƙo ta ƙi fitar da dafi a faranti: wa ya taɓa ganin haka?

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A lokacin ɓarkewar mashaƙo ta 2023 na ci karo da wani abu da har yau yake yi mini yawo a rai. Mun ware Corynebacterium diphtheriae, ƙwayar da ke haddasa mashaƙo, daga maƙogwaron wani yaro da wuyansa ya kumbura, fatar nan mai launin toka da cutar ke shimfiɗawa a maƙogwaro ta kusa toshe masa numfashi, amma da muka yi gwajin Elek, wanda ke nuna ko ƙwayar tana fitar da dafi, muka shimfiɗa takardar da aka jiƙa da makarin dafi a faranti, muka ja ƙwayar ta gitta ta, sai kwana biyu suka cika babu farin layin da ke nuna dafi. Ƙwayar da muka sa don kwatance, wadda muka tabbata tana da dafi, ita ma shiru. Sai da muka sake haɗa abincin da ake rainon ƙwayar a kai da tataccen ruwa, muka wanke kwalabe da asid, sannan layin ya fito.

Malamar jami'a mai koyar da ilimin ƙwayoyin cuta:
Wa alaikumus salam. Malam, ina kyautata zaton sinadarin ƙarfe ne ya shiga abincinku, domin irin haka ta faru da ɗalibaina lokacin da aka yi amfani da ruwan wani tanki mai tsatsa. Ƙwayar tana da wani furotin, DtxR, wanda idan ya samu ƙarfe sai ya zauna a kan ƙwayar halittar da ke sarrafa dafin ya rufe ta. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci sai ya saki, dafi ya fara fita. Tun 1936 masana Pappenheimer da Johnson suka nuna wannan alaƙa tsakanin ƙarfe da dafi. A jikin mutum kuwa ƙarfen a ɗaure yake cikin wasu furotin da ake kira transferrin da lactoferrin, saboda haka ƙwayar da ta sauka a maƙogwaro cikin yunwar ƙarfe take, kuma yunwar ce ke sanar da ita inda ta iso. Abin da ya cece ku shi ne ƙwayar kwatancen nan, da ba don ita ba da an rubuta sakamakon ƙarya.

Ɗalibin digiri na biyu:
Malama, ni da kwalara na gani. Nau'in ƙwayar kwalara da ake kira El Tor da nake aiki a kai dafi kaɗan yake bayarwa a abincin da muka saba, amma da na koma wani abincin rainon ƙwaya da ake kira AKI, mai sinadarin bikabonet, na bar shi awa huɗu ba motsi kafin girgizawa, sai dafin ya ƙaru sosai. Bikabonet ɗin nan kuwa shi ne ƙwayar ke tararwa a ƙaramin hanji.

Likitan yara:
Na gode muku, amma ina da jan hankali ga masu karatu, domin na taɓa jin wata uwa tana tambaya ko maganin ƙarin jini, tunda yana da sinadarin ƙarfe, zai hana dafin. Ba zai hana ba. Yaron da ya zo da alamun mashaƙo ba ma jiran sakamakon faranti kafin mu ba shi makarin dafi tare da penicillin ko erythromycin, saboda dafin da ya riga ya shiga tsokar zuciya da jijiyoyi makari ba ya iya cim masa. Akwai yaran da maƙogwaronsu ya warke muka fara murna, bayan mako guda ko biyu zuciya ta rikice. Malam, yaron nan naku an ba shi makari tun ranar farko?