Wani ɗan gizo-gizo mai tsalle a bangon ɗakina, a kashe ko a bari?

Ɗan Mabera:
Salam 'yan uwa. Don Allah wa ya san wanga ɗan ƙaramin gizo-gizo mai ruwan toka da ke bin bango da rana wajen taga? Bai kai ƙwayar wake ba, ban taɓa ganin ya saƙa yana ba, sai dai ya lallaɓa ya daka tsalle ya cafke ƙuda, in ka matso kuma ya juyo yana kallonka da manyan idanu biyu. Uwargida ta ce tautau ne a fesa mai fiya-fiya saboda yara, ni kuwa raina bai ba ni ba.

Malamin Dundaye:
Wa alaikumus salam. Kar ka fesa don Allah. Dangin masu tsalle ne, masana na ce musu Salticidae, nau'insu ya haura 6,000, babu dangin gizo-gizo da ya kai su yawa. Idanunsa takwas, biyun nan na gaba da su yake auna nisan abin da zai kama, kuma tsallen ba ƙarfin tsoka ba ne, ruwan jikinsa yake turawa cikin ƙafafun baya da ƙarfi su miƙe. Ka lura da kyau kafin ya yi tsalle sai ya manna zare a bango, in ya kuskure ba ya faɗuwa ƙasa.

Maman Arkilla:
To malam ba ya cizo? Mu dai yara muke ji.

Malamin Dundaye:
Hajiya gudun mutum yake, ba ya cizo sai in an matse shi, dafin ma na kashe ƙananan ƙwari ne. Akwai ma wani jinsi Evarcha da ba a cika sani ba, ɗaya daga cikinsu Evarcha culicivora yana bakin tafkin Biktoriya a Kenya da Uganda, a 2003 aka ba shi suna. Shi macen sauro wadda ta sha jini ta ƙoshi yake zaɓa, musamman Anopheles mai kawo maleriya. Wallahi abin na burge ni. Na bangonku wani ne daban, amma shi ma in ya samu sauro ba ya bari.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka malam. Na karanta wa uwargida, ta yarda a bar shi, amma ta ce gidan sauron yara yana nan daram tunda damina ta kankama.