Shin injin tasi da aka mayar na gas zai iya ƙona haidirojin?

Makaniken Suame:
Assalamu alaikum. Ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi a Ghana, kuma mun daɗe muna mayar da injinan tasi daga fetur zuwa gas ɗin girki. Yanzu yaran da nake koya wa aiki suna nuna mini a waya cewa ana ƙera injinan da ke ƙona iskar haidirojin, waɗanda tururin ruwa ne ke fita ta salansarsu. Tambayata ga masana ita ce: da za a sami iskar a Kumasi, shin silinda da bututun da muke sa wa tasi za su ɗauke ta, ko kuwa akwai abin da zai hana?

Ɗalibar Ƙarafa, jami'ar KNUST ta Kumasi:
Wa alaikumus salam, Baba. Injin mai fistan yana ƙona haidirojin. Kamfanin BMW ya fitar da Hydrogen 7 tun 2006, Toyota kuma ta shiga tseren awa 24 na Fuji a Japan da Corolla mai irin wannan inji a 2021. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfen da zai riƙe iskar. Ƙwayar haidirojin tana daga cikin mafi ƙanƙanta a cikin dukan sinadarai, saboda haka tana kutsawa cikin jikin ƙarfe, ta taru a inda yake da ɗan tsagi ko inda aka yi walda, har ƙarfen da a da yake lanƙwasuwa ya koma mai gautsi, ya tsage ba tare da ya nuna alama ba. Wani Bature ɗan Ingila, William Johnson, ya bayyana wannan tun 1875, kuma har yau ana bincike a kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karatun shi ne, ƙarfe mafi ƙarfi shi ya fi saurin kamuwa. Shi ya sa ake yin bututu da bawul da ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L, ko da alminiyam.

Silindar gas kuwa, don Allah kada a gwada. Matsin da ke cikinta bai kai bar 20 ba, alhali motocin haidirojin suna ajiye iskar a bar 700, manyan motoci kuma galibi a bar 350. Tankinsu roba ce ta musamman daga ciki, aka naɗe ta da zaren kabon.

Alhaji na Aboabo:
'Yata, Allah ya ƙara basira. Na yi aikin injinan dizal shekaru masu yawa, bari in ƙara abin da ya shafi cikin injin. Haidirojin tana kama wuta idan ta kai kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari na iskar da ta gauraya da ita, kuma ɗan tartsatsin da ba zai tayar da fetur ba ya ishe ta. Don haka bakin fulogi da ya yi zafi, ko ɗan gawayin da ya maƙale a kan fistan, zai kunna ta tun bawul bai rufe ba, wutar ta koma baya. Ba ta da maiƙo, sai nozul da mazaunin bawul su riƙa cinyewa da wuri, ruwan da take haifarwa kuma yana sauka cikin baƙin mai ya ɓata shi. Sannan a gaya wa yaran cewa ba tururi kaɗai ke fita ba, domin zafin ƙonewar yana haɗa naitirojin da iskar shaƙa su zama hayaƙi mai cutar da huhu.

Makaniken Suame:
Na gode, Alhaji, na gode 'yata. Maganar walda ce ta fi tsaya mini a rai, domin kusan duk abin da muke haɗawa a nan da walda muke yinsa. Gobe da safe zan tara yaran in karanta musu wannan bayani, musamman ɗayansu da ya fara maganar raba ruwa da batir a bayan shago don ya samu haidirojin.