Basir ya hana ni zama a kan mashin, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina jin nauyin kawo wannan magana, amma ciwo ya fi ƙarfin kunya. Ni ɗan acaɓa ne a Garwa, shekarata 34, daga asuba har bayan isha'i ina kan mashin. Wata biyar ke nan in na shiga bayan gida sai na yi ta yunƙuri, wani lokaci kwana uku ban zaga ba. Daga baya jini ya fara biyowa, ja wur, yana ɗiga bayan na gama. Yanzu kuma wani tsiro ke leƙowa, sai na sa yatsa na mayar da shi. Ranar Juma'ar da ta wuce na tashi daga sahu na ga tabo a farin wandona, da hula na kare har na fita masallaci. Na sayi jiƙo jarka biyu wajen masu lasifika a kasuwa, jaka uku-uku, zawo kawai ya sa ni, da ya tsaya kuma cikin ya ƙara ƙullewa. Ba zan ɓoye muku ba, ina ɗan shan tiramol saboda gajiya. Wani abokin aikina ya ce zai kai ni wajen wani mutum da ke ɗaure tsiron ya sa masa magani ya faɗi da kansa. In je ko kada in je?

Direban tirela, Ngaundere:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka je, don Allah. Na je irin wurin nan shekarun baya, aka shafa mini wani abu mai ƙuna kamar wuta. Sati uku ina kwance rub da ciki, wurin ya rure yana ruwa, ƙarshe dai a asibiti aka wanke. Kuɗin da na guje wa kashewa sai da na kashe ninkinsa. Mu da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Kusiri da Injamena, kusan kowa na fama da shi, zama ne ya yi yawa ga burodi da shayi da tsire safe da dare. Ni abin da ya taimake ni, na daina riƙe bayan gida in ya matsa, kuma jarkar ruwa ba ta rabuwa da gefen kujerata.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ka yi daidai da ka faɗi maganar tiramol, domin ina zargin rabin matsalarka daga nan take. Tiramol na cikin magungunan da ke rage motsin hanji, sai bayan gida ya daɗe a ciki ya bushe. Ka haɗa da zafin Garwa, wanda a watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40, kana ta zufa ba ka shan ruwa sosai. Basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura, kuma yunƙuri ne ke ƙara cika su. Muddin bayan gidan bai yi laushi ba, duk abin da ka shafa sauƙin kwana biyu ne. Amma in ka daɗe kana shan tiramol kullum kada ka yanke shi dare ɗaya, ka gaya wa likita ya nuna maka yadda za ka rage a hankali.

Abin da za ka fara tun yau: ruwa aƙalla lita biyu, mai aikin rana irinka ma ya fi haka. Ka koma tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa ko zogale, ka riƙa cin wake, gwanda, mangwaro. Ka zuba ruwan ɗumi a baho, wanda hannunka zai iya jurewa, ka zauna ciki minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Ba sai ka zuba komai a ciki ba. A bayan gida kada ka wuce 'yan mintuna, ka bar waya a ɗaki. In tsarki za ka yi, da ruwa a hankali, ban da gurzawa.

A farmasi akwai lactulose mai tausasa bayan gida, akwai Titanoréïne na shafawa da na cusawa, ana kuma rubuta Daflon in abin ya tashi. Na ciwo, farasitamol ya ishe ka, ka bar asfirin domin yana ƙara zubar jini. Sai dai ban so ka tsaya a nan. A daɗe ana zubar da jini haka ba ƙaramin abu ba ne, ka je asibiti a duba wurin a kuma auna jininka. Mun sha karɓar mutane tafin hannu fari fat, suna haki, duk daga ɗigon da suka raina.

Wani matashi, Garwa:
Anti, to ai cewa ake basir ne ke kawo ciwon baya da raunin namiji. Ni ma shi ya sa nake shan jiƙon.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Ƙanena, wannan maganar masu talla ce, kuma tana ci mini rai. Komai ya sami mutum sai a ce basir. Raunin namiji na iya zuwa daga ciwon suga, hawan jini, damuwa ko ƙwayoyi, sai mutum ya shekara yana shan jiƙo sugan na cinsa. Haka jinin ma, ba kowane ne na basir ba. In baƙi ne kamar kwalta, ko a cakuɗe yake da bayan gida, ko mutum na ramewa, ko yanayin zagawarsa ya canza alhali ya haura shekara 40, dole a bincika hanji, saboda ciwon dajin hanji ma yakan iya fara nuna kansa da jini.

Wata Hajiya, Kusiri:
Ɗana, Allah ya yaye maka. Ni a cikina na biyar ya same ni, ga ƙwayar ƙarin jini da ake ba mu tana ƙara ƙulle ciki. Kunun tsamiya da safe da kwaɗon zogale da rana su suka rufa mini asiri. Kuma ka gaya wa iyalinka, ita ke riƙe da tukunya. In ba ta sani ba yaya za ta canza maka cima?

Wani dattijo, Ngaundere:
Ni an yi mini aiki, ina da shekara 58 a lokacin. Nawa ya kai ko an tura shi ba ya komawa. Ba zan ce babu zafi ba, makon farko na ji jiki, musamman zagawar farko. Amma tun daga nan ban sake ganin jini ba. Likitan ya ce mini da na zo tun yana komawa, da wataƙila ɗan zoben roba kawai za a sa masa ya bushe ya faɗi, ba sai an yanka ba. Naka yana komawa tukuna, yaro, ka hanzarta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na faɗa wa abokina ba zan je ba. Jiya na yi zaman ruwan ɗumin sau biyu, daren jiya ne na fara barci ba raɗaɗi. Hajiya, na gaya wa maiɗakina, ashe ta daɗe tana ganin tabon in tana wanki, ita ma nauyi ya hana ta magana. Litinin in sha Allahu zan je babban asibiti. Anti, in zan je ɗin sai na bar cin abinci tun safe, ko ba komai?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Ka ci abincinka, dubawar farko ba ta bukatar zama da yunwa. Ka tafi da jarkar jiƙon da kwalin tiramol ɗin likita ya gani da idonsa.