Yaya zan hana dawaki fitowa dishi-dishi a hoto?

Sabon Shiga: Salamu alaikum. Malamai, me ake nufi da saurin shata? Ina son ɗaukar dawakin Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, su fito tar.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. Shata labule ne cikin kyamara, saurin shata kuma tsawon lokacin da labulen yake buɗe ne. 1/1000 kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Juya maɓallin zaɓin yanayin ɗauka na kyamararka zuwa S in Nikon ce, Tv in Canon, ka sa 1/1000 don doki mai sukuwa. Mai tafiya da ƙafa 1/250 ya ishe shi. Ranar Sakkwato ba ta rowar haske, ISO 200 ya wadatar (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske).

Tsohon Hannu: Ƙanena, ka lura, duk ninka sauri rabin haske ke shiga. In hazo ya sauka ko magariba ta kawo jiki, ɗaga ISO zuwa 800, kada ka rage sauri. Akwai kuma rawar hannu: da gilashin kyamara mai jawo nesa na 200mm kada ka sauka ƙasa da 1/200.

Mai Kyamara: Haka ne, Yaya. Cikin ɗaki kuma, ƙarƙashin fitilar LED, sauri mai yawa yakan jawo zane-zane a hoto saboda wutar lantarkinmu 50Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, fitilar na ƙyaftawa. Tsaya a 1/50 ko 1/100.